Yadda za ka rage wa babur tsawo ka kuma gyara kushin ɗinsa ya yi daɗin zama

Ni dai gajere ne, ba sai an ɓoye ba, tsawona bai wuce mita 1.60 ba, kuma na yi shekaru ina hawan babur ɗin da in na tsaya a danja sai dai in ɗangale da yatsun ƙafa kamar mai leƙen katanga. Ranar da abin ya ishe ni na ɗauko buhun shinkafa a kariya, na zo tsayawa a bakin wata kwata a layinmu, na miƙa ƙafar hagu ashe wurin akwai ɗan kwari, ƙafa ta nemi ƙasa ta rasa, sai ji kake rim, da ni da babur da shinkafa duk muna ƙasa, yara na ta "sannu baba, sannu baba" suna ƙunshe dariya. Tun daga ranar na shiga neman yadda zan sauke shi, na yi ɓarna na yi gyara, toh abin da na koya ne zan faɗa maka don kar ka biya kuɗin makarantar da na biya.

Kafin ka taɓa noti ko ɗaya ka fara sanin nawa kake nema. Mutane da yawa sai su ce babur ya yi musu tsawo amma in ka tambaye su da nawa ba su sani ba. Ka kai shi wuri mai daidai, ka sa takalmin da ka saba hawa da shi, wani ya riƙe maka kan babur ɗin, ka zauna a inda ka saba zama, sai a riƙa tura maka falankin katako ko tsofaffin littattafai ƙarƙashin ƙafa har ka ji tudun ƙafarka ya taka sosai ba yatsu kaɗai ba. Kaurin abin da aka saka shi ne abin da kake nema. Za ka sha mamaki, yawanci santimita 2 zuwa 4 ne kawai, wato inci ɗaya ko ɗaya da rabi. Kuma ba dole sai ƙafa biyu sun shimfiɗu a ƙasa kamar kana zaune a benci ba. Manyan baburan nan na tafiyar daji, irin su Yamaha Ténéré 700 da aka sa wa sunan hamadar Tenere ta Nijar, kushin ɗinsa santimita 87.5 ne daga ƙasa, Honda Africa Twin kuma 85 zuwa 87, kuma masu hawansu da yawa ƙafa ɗaya suke sawa. Namu na gida, su Boxer da Jincheng da Haojue da TVS, a kusa da 80 suke ko ƙasa da haka, roba-roba kuwa ta fi su sauka. Ka ga kenan abin da kake nema kaɗan ne, kuma a kushin kaɗai za ka iya samunsa.

Shi ya sa kullum nake cewa a fara da kushin. Shi ne mafi araha, in ka ɓata shi soso ne da leda, a sake wani. Ƙafar babur kuwa in ka taɓa ta ka taɓa yadda yake tafiya gaba ɗaya.

Ga wani abu da na daɗe ban gane ba: faɗin kushin yana cin ƙafa kamar yadda tsawonsa ke ci. Ƙafarka ba a miƙe take sauka ba ai, sai ta zagayo gefen kushin tukuna, in gaban kushin ɗin wajen tanki yana da faɗi kuma gefensa na da kusurwa sai ya buɗa maka cinya, ƙafa ta gajarce. Musamman in na hannu ka saya daga wurin ɗan acaɓa, su kam suna sa a cika musu soso a tsawaita shi har kan kariya saboda a ɗauki mutum biyu ko uku, kushin ya zama kamar katifa. Irin wannan ko ba ka rage masa tudu ba, ka fere gefe da gefe kawai, za ka ji ƙasa ta matso.

Kayan aikin ba su da yawa. Sifana na kwance kushin, sukudireba mai faɗin baki da filaya na cire ƙusoshin sitefula, maka, tef na awo, wuƙa doguwa mai haƙora irin ta yanka burodi ko kuma bakin zarton yanka ƙarfe, samfefa mai kaushi, gam irin wanda masu gyaran takalmi ke amfani da shi, da babbar sitefula ta masu kushin. In ba ka da sitefular kar ka damu, ka yi yankan da kanka ka kai wa mai kushin ya rufe maka, ko kuma ka je ka zauna a shagonsa a yi a gabanka. A gabanka fa na ce.

Don ni karon farko ajiyewa na yi na tafi. Na ce masa "maigida a rage min shi sosai, ƙafata ba ta kaiwa", ya ce "an gama ranka ya daɗe, ka dawo bayan la'asar". Na dawo na tarar da kushin ya yi kyau a ido, na hau ƙafa biyu suka sauka tas, har na ƙara masa na goro. Kwana uku bayan nan na kama hanyar Wudil daga Kano, wallahi ban kai rabin hanya ba na fara jin ƙasan kushin a ƙashina, kowane rami sai na ji shi har ƙeya, ashe bawan Allah ya kwashe soson bai bar min ko kaurin yatsa biyu ba, kuma ya yi masa kwari a tsakiya kamar akushi, na zauna a ciki ba gaba ba baya. Laifina ne, ni na ce sosai.

Toh ga yadda ake yi. Ka kwance kushin, ka kifa shi, ka ɓalle ƙusoshin gaba da na gefe ka naɗe ledar zuwa baya, ba sai ka cire ta duka ba in wajen mai tuƙi kaɗai za ka taɓa. Ka mayar da kushin kan babur haka nan tsirara, ka hau, ka sa a zana maka da maka inda mazaunanka suka tsaya da inda cinyarka ke gogar gefe in ka sauke ƙafa. Ka ja layi a tsakiya daga gaba zuwa baya saboda kar gefe ɗaya ya fi ɗaya. Sannan ka soka siririyar waya ko tsinke a wurare uku huɗu ka ga kaurin soson, don ƙasan kushin ba a shimfiɗe yake ba, yana da tudu a wani wuri saboda abin da ke ƙarƙashinsa, inda kake zaton soso ya kai santimita 7 sai ka tarar 4 ne.

Ka fara da gefe. Ka fere kusurwar nan ta gaba hagu da dama, ka mulmula ta ta zama kamar bayan tulu, ka hau ka gwada. Sau da yawa a nan ma maganar ke ƙarewa. In bai isa ba sai ka koma sama, ka riƙa ɗaukar yanka siriri-siriri, kamar rabin santimita, kana yi kana hawa kana gwadawa. Soso in ka yanke ya tafi, gara ka hau sau goma. A inda kake zama kar ka bar ƙasa da santimita 4 na soso in dai kana son bayanka, in lissafi ya nuna sai ka wuce nan toh ba yanka kake buƙata ba, canjin soso kake buƙata, zan zo kansa. Wajen zaman ya zama a shimfiɗe kuma da faɗinsa, gaban ne kawai zai tsuke. Kar ka bari ya gangara zuwa tanki, in ya gangara duk birkin da ka taka sai ka zame gaba, wando ya tattare, hannu ya gaji da tokare ka. Gara ma gaban ya ɗan ɗaga kaɗan. In ka gama sai ka bi shi da samfefa har sawun wuƙa ya ɓace, don duk wani tudu da ka bari sai ya fito a jikin leda, kuma sai ka ji shi a jikinka.

Yanzu maganar soso, nan ne mutane suka fi yin kuskure. Kowa in ya je shago sai ya danna da yatsa ya ce a ba shi mai laushi. Mai laushi daɗinsa na minti goma ne, daga nan ya lotse ka koma kan ƙasan kushin, nauyinka duka ya taru a kan ƙasusuwa biyun nan na mazaunai. Abin da ke riƙe mutum a doguwar tafiya shi ne soso mai tauri wanda aka yi wa siffa mai kyau. Akwai wanda ake yi da gutsattsarin soso kala-kala da aka matse da gam, za ka gan shi da ɗigo-ɗigo kamar dambu, shi ne nake sa wa a ƙasa. Santimita 4 nasa ya fi 7 na soson katifa mai araha. Sai ka yanke tsohon soson a wajen zama, ka shafa gam a fuska biyu ka bari ya sha iska har ya daina kama yatsa sannan ka haɗa, ka fere shi yadda kake so, a sama ka shimfiɗa mai laushi siriri kamar santimita 1 ya rufe mahaɗar. A haka ka samu biyu, ya sauka kuma ya fi na da daɗi. In kana Kano ko Kaduna ma za ka iya leƙa Ƙofar Ruwa ko Panteka ka nemi tsohon kushin irin na babur ɗinka ka yi gwajin a kansa, naka na asali ka ajiye shi saboda ranar sayarwa, don mai saye dogo zai ce ka lalata masa babur.

Kafin a rufe a shimfiɗa farar leda siririya a kan soson, saboda damina. Ruwa ta wajen ɗinki yake shiga, soso ya sha ya riƙe, a yi ruwa ranar Litinin ranar Laraba kana sauka da jiƙaƙƙen wando kana rantsuwa ba abin da mutane ke zato ba ne. Ita kuma ledar kushin a shanya ta a rana ta yi laushi kafin a ja. A fara kama gaba da baya, sannan tsakiyar gefe da gefe, sai a bi sauran ana ja daidai. Ƙusoshin su zama gajeru kar su huda su fito ta cikin soso. Tunda an rage soso ledar za ta yi yawa, in ta ƙi kwanciya a wajen lanƙwasa sai an ɗinka sabuwa, kar ka yarda a tattare maka ita.

Abu ɗaya da za ka lura, in kushin ya sauka matakin ƙafa bai sauka ba, gwiwa za ta ƙara lanƙwashewa. Ga gajere ba matsala, amma in kai da ƙaninka dogo kuke hawa zai yi ƙorafi.

In duk ka yi wannan har yanzu da saura, sai a zo kan shokozoba. Yawancin baburanmu biyu gare su a baya, kuma a gindin sifirin akwai wani zobe mai hawa-hawa, galibi biyar, da ake juyawa. In ka mayar da shi hawan ƙasa sifirin ya saki, babur zai ƙara nutsewa in ka hau, ka samu kamar santimita ɗaya kyauta. Amma dole hagu da dama su zama a hawa ɗaya, kuma ka tuna ranar da za ka goya madam da yaro ko ka ɗora buhu, in ka ji yana dukan ƙarshe "ƙwas" a rami toh ka mayar da shi sama, wannan zoben don nauyi aka yi shi ba don tsawo ba.

Mataki na gaba shi ne a sa shokozoba gajere. A cire naka a auna daga tsakiyar ramin noti na sama zuwa na ƙasa, a nemo wanda ya gaza shi da santimita 1 zuwa 2, kar a wuce haka. In an ɗaura, kai da wani mai jiki ku hau ku danna shi iya ƙarfi, bakanike ya leƙa ya ga taya ba ta taɓa madigadi ko wayoyin da ke ƙarƙashinsa ba. Sannan a sake duba sarƙa kana zaune a kai, saboda in baya ya sauka sarƙa kan ƙara ɗaurewa, sarƙar da ta ɗaure kuwa tana cin sifoket tana kuma iya tsinkewa a kan hanya. Fitila ma za ta ɗaga kai ta riƙa haske idon masu tahowa, a sunkuyar da ita. Masu manyan babura masu shokozoba ɗaya a tsakiya, su akwai wasu ƙarafa biyu da ke haɗa shi da ƙafar baya da ake canzawa, amma a sayi wanda aka yi don wannan babur ɗin, ba abin da za a kai wa mai walda ya ƙera ba ne, nauyinka duka a kansu yake.

In baya ya sauka gaba bai sauka ba, babur zai yi nauyin kai a kwana. Maganinsa a sassauta notinan da suka riƙe ƙafafun gaba a zuge su sama kaɗan, kamar santimita 1, hagu da dama daidai da awo ba da ido ba, a ɗaure tamau. Wasu baburan ba sa yarda da wannan don ƙafar a jikin farantin sama aka ɗaure ta da noti, irin su a ƙyale su. Kuma kar a zarce, in gaba ya fi baya sauka kan babur zai yi rawa in ka yi gudu, madigadin gaba kuma zai iya dukan abin da ke samansa in ka taka birki da ƙarfi. Wannan aikin na bakanike ne wanda ka yarda da shi, ba yaron shago ba.

Sai jak, wanda kowa ke mantawa. Babur ya sauka jak na nan da tsawonsa, sai ya tsaya kusan a miƙe, iska kaɗan ko akuya ta goga shi ya faɗi ta dama. A kai wa mai walda ya rage ƙaramin jak ɗin gwargwadon abin da aka sauke, in ya tashi ma ya liƙa masa ɗan faranti mai faɗi a ƙasa saboda yashi. Babban jak kuma zai ƙara wuyar ɗagawa, sai haƙuri. Ka kuma sa a ranka cikin babur ya matso ƙasa, tudun nan da ake yi a titi don rage gudu da kwalbatocin unguwa a hankali za ka bi su, in ba haka ba salansa ce za ta faɗa maka.

Akwai dabarun da nake ji a bakin masu faci da majalisa waɗanda ba na so ko kaɗan. Wai a rage iskar taya, wannan ba ya ƙara maka komai sai cin mai da cin taya da lanƙwasa rim, ka bi awon da ke rubuce a sitikar jikin babur. Wai a yanke sifirin ko a gasa shi da wuta ya lotse, garin neman gira a rasa ido kenan. Wai a kwantar da shokozoba ta hanyar sake masa wurin ɗauri da walda, shi ma a'a. Gara ka kai takalminka a ƙara masa santimita ɗaya a ƙasa, ba wanda zai sani. Ka kuma koyi tsayuwar ƙafa ɗaya, kafin ka tsaya ka duba inda za ka taka, ka ɗan zamo mazaunai zuwa hagu, ƙafar hagu a ƙasa ta dama a kan birki, da na iya wannan tun farko da shinkafata ba ta sha ƙasa ba.

Ɗaya rabin wahalar kushin a ƙasarmu kuma zafi ne. Baƙar leda ta wuni a ranar Afrilu, ka fito daga masallaci ka hau, kai ka san sauran. Ragar nan mai kauri da ake sayarwa ana sa wa kushin tana aiki sosai, iska na bi ta ƙarƙashinka, ruwa ma ba ya kwanciya, sai dai tana mayar maka da kusan rabin santimita ko fiye na abin da ka sha wahalar ragewa, saboda haka ka sa ta a lissafi tun wajen yanka. Masu sa wani abu kamar kitse da ake kira jel a cikin kushin, yana rage jijjiga amma yana riƙe zafi in ya sha rana. Ka daina zama a kan walat, ka cire ta daga aljihun baya, kuma a doguwar tafiya duk bayan awa ɗaya ka sauka ka taka ƙasa ko na minti biyar ne.

Ni abin da na fi jin daɗinsa a tafiya mai nisa buzu ne. Fatar ragon layyata ta shekarar da ta wuce na kai wa majema suka jeme min da gashinta, na yanka daidai wajen zama, na sa aka ɗinka mata roba biyu da ke zagayawa ta ƙarƙashin kushin, ba ta zamewa, ba ta ɗaukar zafi kamar leda, gumi ma ba ya damuna. Abokai na ta tsiya wai na zama malamin tsangaya, yanzu biyu daga cikinsu sun ce in ajiye musu ta bana. In hadari ya haɗo dai ka cire ta ka cusa a leda, don in ta jiƙe warinta sai ya kwana uku yana bin ka.